Karana ko Michael: wanne ya dace da ɗan shekara goma?

Malama, kin tambaya wanne za ki fara saya wa ɗanki mai shekara goma tsakanin Island of the Blue Dolphins na Scott O'Dell, wanda ya fito a 1960, da Kensuke's Kingdom na Michael Morpurgo, na 1999, tunda kina neman labarin tsira a tsibiri mai abota a cikinsa. Shawarata ki fara da na biyun.

Littafin O'Dell ya samo tushe daga rayuwar wata mata da ta yi shekara 18 ita kaɗai a tsibirin San Nicolas, daura da gaɓar Kalifoniya, har zuwa 1853. A cikin labarin, tauraruwarsa Karana ta diro daga jirgin ruwan da ya kwashe danginta daga tsibirin saboda ƙaninta Ramo da aka bari a baya, amma ba a jima ba karnukan daji suka kashe shi. Daga nan sai aiki da kaɗaici: ta kewaye gidanta da ƙasusuwan manyan dabbobin teku, ta ƙera mashi da baka duk da cewa al'adarsu ta hana mata yin makami. Ta harbi shugaban karnukan da kibiya, ta kasa ƙarasa shi, ta yi jinyarsa har ya zama abokinta Rontu. Labari ne mai nauyi, kuma hira ta yi ƙaranci a cikinsa, abin da kan gundiri yaron da bai saba da dogon karatu ba.

A littafin Morpurgo kuwa, wani yaro mai suna Michael ya faɗa teku daga jirgin iyayensa tare da karyarsa Stella, ya farka a wani tsibiri inda wani tsoho ɗan Japan, Kensuke, yake zaune tun Yaƙin Duniya na Biyu. Tsohon ya kashe masa wuta, ya ja layi a yashi ya raba tsibirin biyu, amma kullum da safe yaron yakan tarar da ruwa da kifi da 'ya'yan itace an ajiye masa. A nan abotar ita ce ƙashin bayan labarin, domin an gina ta a hankali, daga zargi zuwa amana, har da saɓani da yafiya. Turancinsa ma ya fi sauƙi, babi-babinsa na tafiya da sauri.

Na O'Dell, wanda ya ci lambar yabo ta Newbery a 1961, ki ajiye shi sai yaron ya kai shekara 12, kuma ku karanta babin mutuwar Ramo tare.