Haka fatarki take, ko wahalar da ita aka yi?

Wata 'yar'uwa ta tambaya: tun bayan gyaran jikin da aka yi mata na biki, duk man da ta shafa sai fuskarta ta hau raɗaɗi. Shin dama fatarta marar juriya ce, ko wani abu ne ya same ta?

'Yar'uwa, amsar tana cikin tambayarki, tunda kin san lokacin da abin ya fara. Wadda aka haifa da fata marar juriya ba ta iya faɗin ranar. Tun tana yarinya sabulu mai ƙamshi ke sa ta susa, turare na ƙona mata wuya, zufar watan Afrilu na tayar mata da ƙaiƙayi, kuma sau da yawa akwai mai asma ko yawan atishawa a gidansu. Wannan ba ya warkewa, lallaɓa shi ake yi.

Fatar da aka wahalar kuwa tana da sanadi, kuma raɗaɗin yakan tsaya inda abin ya taɓa. Saman fata akwai wani siririn rufi mai maiƙo da ke riƙe danshi. Dilka da halawa a jere, ga lemon tsami, ga sabulun salo safe da yamma, sai rufin ya kankare. Idan aka yi rashin sa'a hunturu ya shigo da busasshiyar iskarsa, ko ruwa ma sai ya yi miki zafi. Kada ki jira ganin ja, domin a baƙar fata wurin duhu yake yi ko toka-toka, ya bar tabo.

A ganina, yawancin masu cewa "fatata ba ta son komai" a nan suke. Babban mai laifi shi ne man haɗi da ake sayarwa a roba ba rubutu. Wasu na ɗauke da hydroquinone, sinadarin sa fata haske, ko clobetasol. Shi clobetasol magani ne mai ƙarfi da likita ke rubutawa na ɗan lokaci. In aka daɗe ana shafa shi fata na yin siriri har jijiyoyi su fito, ranar da aka daina kuma fuska ta rikice da ƙuraje. Mai wannan matsala ta je wurin likitan fata, ko a Asibitin Malam Aminu Kano, ya janye mata shi a hankali.

Ke dai gwada hutu na mako 4, kusan tsawon lokacin da saman fata ke ɗauka ya sabunta. Ruwa mai ɗumi kaɗan, sabulu marar ƙamshi, sai basilin ko man kaɗanya zalla tun jiki da danshi. Idan ta lafa, wahala ce ta sha. Idan har yanzu ƙaramin abu na tayar da ita, to halinta ne. Sabon mai kuma ki fara shafa shi a cikin damtse na kwana 7 zuwa 10 kafin ya hau fuska.

Baƙin lalle shi nasa daban. Sinadarin PPD da ake zuba masa kan sa zanen ya kumbura ya yi ƙuraje masu ruwa bayan kwana 4 zuwa 14 a karon farko, ko kwana 1 zuwa 3 ga wadda jikinta ya riga ya ƙi shi. Wadda ya taɓa yi wa haka, jikinta ya riga ya ƙi shi har abada, kuma ta kiyayi baƙin rinin gashi, domin yawancinsa sinadarin ɗaya ne.