Shagon rewaya a Agege: abin da na gani da idona

Shekara uku ke nan ina jigilar kayan gwari daga kasuwar Mile 12 da ke Legas a motata Hiyas, kuma a watan jiya wani mai gyara ya haɗa mini inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, mai wat 1,000 domin cajin waya da kunna ƙaramin firji. Rannan ina tsakiyar gadar Third Mainland na ji ƙaurin roba yana tasowa daga inda batir yake, da na tsaya na duba sai na tarar rigar wayar inbatar ta fara narkewa. Wani ɗan'uwanmu direba ne ya yi mini kwatancen wani shagon rewaya, wato na gyaran wutar mota, a Agege.

Mai shagon bai taɓa komai ba sai da ya kwance kan batir na baƙar waya, domin shi ne haɗe da jikin mota, kuma muddin an cire shi, ko sifana ta gogi ƙarfe wuta ba za ta tashi ba. Ya bi wayar inbatar daga farko har ƙarshe bai sami fiyus ko ɗaya ba, a akwatin fiyus kuma ya zaro wani da ya ƙone aka naɗe shi da takardar kwalin sigari. Ya ɗora mini shi a tafin hannu ya ce, "Alhaji, ai fiyus waya yake karewa, wannan kuwa ba abin da zai kare."

Abin da ya fi burge ni shi ne lissafin da ya yi a gabana. Da yawanmu muna raina bolt 12 na batirin mota saboda ba ya jan mutum, alhali batir yana iya turo ɗaruruwan amfiya, wato ma'aunin yawan wutar da ke bin waya, idan wayoyi suka haɗu. Ya raba wat 1,000 da bolt 12, ya nuna mini cewa inbatar tana iya jan fiye da amfiya 83, nauyin da siririyar wayar nan ba za ta ɗauka ba. Ya sa mai kauri ta jan ƙarfe zalla, ya ɗaura fiyus daidai ƙarfinta dab da kan batir, ya ce haka ake yi wa jiragen ruwa, inda ƙa'idar Amurka ta ce kada tazarar ta wuce inci 7. Ya kuma kankare tsatsar da iskar gishirin Legas ta tara a kan batirin, ya shafa giris.

Inda shagon ya gaza shi ne rashin ajiye manyan fiyus, don sai da aka aiki yaro kasuwar kayan mota ta Ladipo, na zauna tun hantsi har bayan la'asar, kuma kuɗin aikinsa ya ɗara na maƙwabtansa. Duk da haka na biya da daɗin rai, kuma zan koma. Kafin in tafi ya cika mini gwangwani da ƙananan fiyus, ja na amfiya 10, shuɗi na 15, rawaya na 20, ya ce kada in kuskura in sa rawaya a gurbin ja.