Tayim mai yaɗo, fulawar ƙarfe goma ko kiri-kiri: wanne zai rufe ƙasa a Kano?

Hajiya, kin ce kin ga hotunan tayim mai yaɗo ya shimfiɗe a ƙasa da furanni shunayya, an rubuta cewa yana son rana kuma ba ya buƙatar ruwa sosai. Kina tambaya ko zai rufe miki filin da ya rage a tsakar gida, kimanin mita 4 a mita 5, ko kuwa ciyawa za ki dasa. Kin ƙara da cewa ruwan 'yan garuwa kuke saye, kuma jikoki na zuwa wasa.

Shawarata, kada ki ba tayim filin gaba ɗaya. Ki ba shi ɗan gefe, sauran ki raba wa tsirrai biyu da suka saba da ƙasarmu.

Abin da aka rubuta a kansa ba ƙarya ba ne, sai dai ba da Kano aka auna ba. Wannan tsiro, wanda masana ke kira Thymus serpyllum, ɗan Turai ne, dangin na'a-na'a da ɗoɗɗoya. Ɗan'uwansa da muke zubawa a miya tare da kori daga ƙasashen bakin Bahar Rum ya fito, inda ruwan sama ke sauka lokacin sanyi, zafi kuma ya zo a bushe. Mu kuwa ruwanmu da ɗumi tare suke zuwa. Daga Yuni zuwa Satumba ƙasa a jiƙe take, iska da laima, kuma wannan haɗin ne tayim ba ya jurewa. Mutane suna ji masa tsoron rani, alhali markar Agusta ce ta fi kashe shi. Za ki ga tsakiyar kurminsa ya yi baƙi, ganyen ƙasa ya yi laushi, in kin ja reshe ya taho a hannunki saboda saiwar ta ruɓe. Idan ƙasar gidan mai laka ce, ko ruwan indararo na kwanciya a wurin, kwana kaɗan ya isa a yi asararsa.

Bazara ma ba ta ƙyale shi. A Afrilu zafin Kano na kaiwa digiri 40, kuma saiwar tayim ba ta nisa a ƙasa. Hoton da ya fi jan hankalin mutane shi ne wanda ya fito a tsakanin duwatsun hanya, to amma ki taɓa intalok ɗin gidanki da ƙarfe biyu na rana a bazara ki ji. Wannan zafin ne zai riƙa dafa shi ta gefe biyu.

Ga kuma jinkiri. Irinsa ya fi na alayyafo ƙanƙanta, yana ɗaukar mako 2 zuwa 4 kafin ya tsiro, kuma a shekarar farko a hankali yake yaɗuwa, ciyayi na rige-rigen cike gurbin da ya bari. In za ki dasa shi da tazarar santimita 25, kowace murabba'in mita na cin tsiro 16. Filinki murabba'in mita 20 ne, wato tsiro 320 ke nan, kowanne sai an raine shi. Wannan aiki ne mai yawa a kan abin da damina ɗaya za ta iya sharewa.

To ki kwatanta shi da fulawar da wasu ke kira ƙarfe goma, saboda da hantsi take buɗe furanninta, ta rufe in rana ta yi sanyi ko gari ya yi lumshi. Sunanta na masana Portulaca grandiflora, asalinta Kudancin Amurka, kuma 'yar'uwar babba-jibji ce da ke fitowa da kanta a bayan gida. Ganyenta siriri ne mai kauri, a ciki take ajiye ruwa, shi ya sa zafin da ke galabaita tayim ita bai dame ta ba. Ba ki buƙatar iri ma. Ki sami reshe mai tsawon yatsa daga maƙwabciya ko wurin masu sayar da furanni na bakin titi, ki soka a yashi mai ɗan danshi, cikin 'yan kwanaki zai kama. Daga tukunya ɗaya za ki yi ta karya kina ƙarawa har wurin ya cika. Launi kuwa ta fi tayim nesa ba kusa ba: akwai ja, fari, ruwan hoda, ruwan ɗorawa da ruwan goro. Tayim iyakarsa shunayya, ruwan hoda, ja-ja ko fari, kuma na ɗan lokaci ne a shekara. Duk hoton da kika gani na tayim shuɗi shar ko mai launi bakwai a wuri guda, gyara shi aka yi don a sayar da iri.

Inda ta gaza shi ne taku. Reshenta cike yake da ruwa, yaro ɗaya ya bi ta kai da gudu ya dagargaza ta. Tayim ya fi ta a nan, yana ɗaukar taku jifa-jifa, har ya tashi ƙamshi in an murza shi, ita kuwa ba ta da wani ƙamshi. Ita ma ba ta son ruwa ya kwanta mata, sai dai ko wani ɓangare ya lalace, gyaransa kyauta ne. Ba ta da tsawon rai, amma tana zubar da iri ta sake fitowa. Kada ki cika mata taki, ganye za ta yi ta bar fure.

Na uku shi ne kiri-kiri, ciyawar da muka sani, wadda ake shimfiɗawa a filayen ƙwallo a ƙasashe masu zafi. Tunda akwai jikoki, ita ce kaɗai a cikin ukun za ta ɗauki guje-guje da tabarmar yamma. Tana yaɗo ta sama, tana kuma yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa, don haka in an daina ba ta ruwa da rani sai ta yi ruwan ƙasa ta kwanta, ruwan farko na sauka ta farfaɗo. Ga mai sayen ruwa a jarka wannan babban abu ne: kina iya barin ta ta bushe ba tare da kin rasa ta ba. In kuwa kina son ta zauna kore shar har cikin Maris, ta fi sauran biyun shan ruwa, kuma da damina sai an riƙa yanke ta. Ba ta fure mai ɗaukar ido. Tana da kutse kuma, in ba ki kafa mata iyaka da bulo ko kankare da ya nutse cikin ƙasa ba, za ta shiga cikin furanninki, cire ta kuma wahala ce domin kowane guntun saiwa da ya rage tsirowa yake.

Da ni ce da filin, tsakiya kiri-kiri zan sa a farkon damina, in zagaye bakin katanga da fulawar ƙarfe goma a kan ɗan tudun yashi. Tayim kuma ba zan hana ki shi ba, don ni ma ina son ƙamshinsa, amma a kasko mai faɗi wanda aka huda gindinsa. Ki haɗa yashi mai tsakuwa kashi biyu, ƙasa kashi ɗaya, da ɗan ruɓaɓɓen taki kaɗan. Ki shuka a Nuwamba, lokacin da laima ta tafi dare ya fara sanyi, domin hunturu ne lokacin da Kano ta fi kama da garinsu. Ki barbaɗa irin a sama, ki danna da tafin hannu, kada ki binne, yana son haske kafin ya tsiro. Ruwa kuma yayyafi za ki riƙa yi da hannu, in kin kwarara da buta irin zai bi ruwa. Bayan ya kama, sai saman ƙasar ya bushe ki sake ba shi, da safe, a gindi. Da bazara ki matsar da kaskon inda zai sha ranar safe ya sami inuwa da azahar, da damina ki shigar da shi ƙarƙashin baranda inda haske ke isa amma ruwa ba ya dukansa. Busasshen tayim na kasuwa ganye ne, ba iri ba, kada ki ɓata lokaci kina shuka shi.

Abu ɗaya da ba ki faɗa ba shi ne ko akwai bishiya a filin. Duka ukun masu son rana ne, aƙalla awa 6 a wuni. In akwai darbejiya ko mangwaro da ya rufe wurin, ƙarƙashinsa tsakuwa za ki zuba, ki kai shukar ɓangaren da rana ke samu.