Agogon tashi daga barci ga mai ciwon kai: wanne ya kamata a saya a Yamai?

Mai fama da ciwon ɓarin kai ya san cewa ƙarar da wasu suke ji ba tare da damuwa ba tana iya tayar masa da ciwo tun kafin ya sauko daga gado, domin rashin jure ƙara yana cikin sanannun alamomin wannan ciwo. Saboda haka abin da ya kamata ya duba wajen sayen agogo shi ne yadda ƙarar take farawa, ko da sauƙi take tasowa ko kuwa farat ɗaya take faɗowa cikin kunne.

Ƙaramin agogon tebur mai ƙararrawa biyu a kansa, wanda ake samu a Babbar Kasuwa da wajen masu tebur a bakin titi, shi ne mafi arha, kuma a ganina shi ne mafi cutarwa ga irin wannan mutum, tunda ba a iya rage ƙararsa.

Kafin a kashe ko dala, a fara da salular da ke hannu. Yawancin wayoyin Android suna da wurin da ake sa ƙarar ta riƙa ƙaruwa sannu a hankali, kuma ana iya zaɓen sauti mai taushi maimakon mai tsini. A ajiye wayar nesa da matashin kai, domin kusancin ƙara da kunne yana ƙara mata ƙarfi ƙwarai.

Akwai kuma agogo mai fitila, irin na kamfanin Philips, wanda haskensa yake ƙaruwa cikin kamar minti 30 kafin lokacin tashi. Dabarar tana da kyau, amma yana da tsada, kuma da lantarki yake aiki, alhali kowa ya san yadda wuta take ɗaukewa a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40 har mutane su fito tsakar gida su kwana. Ga shi kuma mai ciwon ɓarin kai sau da yawa haske ma yana damunsa.

Abin da na fi ba da shawara a kansa shi ne agogon hannu mai girgiza, kamar Mi Band na kamfanin Xiaomi. Yana motsi ne a kan fatar hannu ba tare da ƙara ba, cajinsa yana ɗaukar kwanaki, kuma mai tashi sallar asuba ko sahur ba zai ta da jaririn da ke kwance kusa da shi ba. Sai dai a gwada girgizar a gaban mai shago, saboda jabu sun yi yawa, kuma mai nauyin barci ya sa waya ta yi ƙara a hankali bayan minti 5 don kada ya makara.

Kada a yini da abin toshe kunne, domin hakan yana ƙara wa kunne rashin jure ƙara. Idan kuma an canza agogo amma ana ci gaba da tashi da ciwon kai, musamman ga mai minshari mai ƙarfi, ko mai hawan jini, ko mai shan maganin ciwon kai kusan kullum, to a je a ga likita, a Babban Asibitin Ƙasa na Yamai ko a asibitin unguwa.