Bita: ɗan littafin tarihin Buda da ake sayarwa a shagunan fotokwafi na Gusau

Ɗaliban kwatanta addinai a Gusau sun san wannan ɗan littafi. Da Hausa aka rubuta shi, babu sunan marubuci a bango, an haɗe shi da fil biyu. Babi biyar ne, daga haihuwar Siddata Gotama, wato Buda, zuwa rasuwarsa. Mu da muke koyar da wannan fanni shawararmu ita ce a saye shi, amma a karanta da biro a hannu, don akwai gyara.

Gyaran farko a bango yake. Mutumin nan mai tumbi da ke ƙyalƙyala dariya ba Gotama ba ne. Budai ne, wani mai gudun duniya na ƙasar Sin wanda ya rayu wajen ƙarni na 10, fiye da shekara 1000 bayan Gotama.

Babi na ɗaya da na biyu ba laifi. Sun kawo haihuwarsa a Lumbini, cikin Nepal ta yau, da rasuwar mahaifiyarsa Maya kwana 7 bayan haihuwa, da yadda ƙanwarta ta goya shi, da aurensa da Yasodara, da ɗansu Rahula. Sai dai an mai da mahaifinsa Suddodana wani ƙasaitaccen sarki, alhali ƙabilar Sakiya majalisar manya ce ke mulkinta, shi kuwa jigo ne a cikinta. Labarin tsoho da majinyaci da gawa da mai gudun duniya da ya gani a hanya ma an kawo shi kamar shaidar gani da ido, bayan kuwa littattafan baya ne suka jingina masa shi. Abin da majiyoyin farko suka ce gajere ne: ya aske kansa, ya sa rawayar tufa, ya bar gida iyayensa na kuka. Shekarunsa 29 bisa ruwaya.

Babi na uku shi ne ya biya kuɗin littafin. Marubucin ya gane cewa gudun duniya ba Gotama ya ƙago shi ba. A kwarin kogin Ganga na wancan zamani masu barin gida suna yawo da ƙoƙon bara sun yi yawa, cikinsu har da Mahawira na addinin Jaina. Ya bi matakan daki-daki. Gotama ya fara zama wurin Alara Kalama, sannan Uddaka Ramaputta, ya ƙware a hanyoyinsu na nutsar da hankali, ya ga idan mutum ya fito daga wannan hali damuwarsa na nan inda ya bar ta. Sai ya koma azabtar da jiki tare da abokai biyar: riƙe numfashi har kai ya yi kamar zai tsage, rage ci zuwa ɗan romon wake cikin tafin hannu, har ya zamana in ya taɓa cikinsa ƙashin bayansa yake kamawa. Nan ne yawancin takardun ɗalibai ke tuntuɓe, su nuna kamar yunwar ce ta kai shi ga farkawa, wato wayewar zuciyar da ta sa ake kiransa Buda. Wannan littafi bai faɗa ramin ba. Ya bayyana cewa bayan shekara 6 ya bar azabar ne don jikin da ya rame ba ya iya tara hankali, ya tuna wata natsuwa da ya taɓa samu yana yaro a inuwar bishiya, ya karɓi shinkafa da madara, abokansa suka yi fushi suka tafi. Daga nan tsaka-tsakiyar hanya ta samo asali, tsakanin holewa da azaba.

Babi na huɗu, na zaman natsuwa a gindin bishiyar nan dangin ɓaure a Bod Gaya, rabi ya yi aiki. Ya lissafa cikas biyar daidai: sha'awa, ƙiyayya, kasala da gyangyaɗi, rashin sukuni da nadama, sai shakka. Ya kuma bayyana lura da shigar numfashi da fitarsa. Amma ya tsaya a kwantar da hankali, ya bar ɗaya ɓangaren, wato duba abubuwa a ga ba sa dawwama, ba sa gamsarwa, kuma babu tabbataccen "ni" a cikinsu. In babu wannan, ɗalibi ba zai gane abin da ya raba Gotama da malamansa biyu ba, kuma gaskiya huɗu (wahala, sanadinta, ƙarewarta, da hanyar kawar da ita) da ya karantar a dajin barewa na Sarnat za su zame masa hadda kawai.

Kuskuren da ya fi damun mu shi ne kiran nibbana Aljanna da kiran Buda annabi. Gotama bai ce an yi masa wahayi ba, koyarwarsa ba ta ginu a kan Mahalicci ba, nibbana kuwa a wurinsu mutuwar kwaɗayi da ƙiyayya da ruɗu ce, da ƙarewar maimaita haihuwa. Cakuɗa wannan da aƙidar Musulunci zalunci ne ga ɓangarorin biyu, malami ya soke layin tun ranar farko.

Shekarun rayuwarsa, 563 zuwa 483 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an rubuta su kamar an gama magana. Mabiya a Siri Lanka da Tailan suna ƙirga rasuwarsa wajen 544, masu bincike da yawa na yanzu kuma suna kawo ta kusa da 400. Abin da yawancin ruwayoyi suka haɗu a kai shi ne farkawa yana da 35, koyarwa shekara 45, rasuwa a Kushinagar yana da 80. A ƙara a gefen shafi cewa Sarki Ashoka na Indiya ya kafa ginshiƙi a Lumbini wajen 249 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), aka gano shi a 1896 miladiyya.

Bugun kuwa sai a duba kafin a biya. Kwafin kwafi ne ke yawo, taswira ta yi baƙi ƙirin har Sarnat da Baranasi sun haɗe, ƙugiyar ƙ da ɗ ta goge a shafuka da dama. A roƙi mai shago ya buga kai tsaye daga kwamfuta, a kuma sa ya ɗinke shi da bangon roba, don fil ɗin na tsatsa da damina ya ci takardar tsakiya, inda babi na uku yake.