Allura ko Man Shafawa: Me Ya Kamata a Saya Don Baƙaƙen Ɗigon Fuska?

Mutane da yawa sun haura shekara talatin, ƙurajen balaga sun daɗe da tafiya, amma hanci da haɓa da goshi sun ƙi rabuwa da baƙaƙen ɗige-ɗigen nan. A matse su yau, kafin sati ya zagayo sun dawo. A irin wannan gajiyar ce tallar maikironidilin ke shiga rai, wato tsattsaga fata da ƙananan allurai, ko dai da rola mai ƙayoyi da ake gungurawa a fuska, ko da na'ura mai siffar alƙalami da ke soka alluran da sauri. Ra'ayina tun daga farko shi ne: idan baƙin ɗigo ne kaɗai damuwarku, allura ba ita ce abin da za ku fara kashe wa kuɗi ba.

Dalilin yana cikin yadda ɗigon yake samuwa. Kowace ƙofar gashi a fuska tana da 'yar jaka da ke fitar da maiƙo. Idan matattun ƙwayoyin fata suka haɗu da maiƙon suka cushe a ƙofar, bakinta kuma yana buɗe, sai iska ta taɓa saman cushewar ya yi baƙi. Ba datti ba ne, shi ya sa masu dirzar fuska da soso da sabulu mai ƙarfi suke shan wahala a banza, har ma su ƙara wa fatar ciwo. Akwai kuma abin da ake yawan rikitawa da shi: ƙananan ɗigogi masu ruwan toka ko rawaya-rawaya da ke jere a kan hanci, kusan girmansu ɗaya, ba su da tudu. Waɗannan hanyar fitar maiƙo ce ta halitta, kowa yana da su, kuma ko an cire su za su sake cika. Ana iya rage fitowarsu, amma duk wanda ya yi alƙawarin kawar da su har abada yana sayar da abin da babu shi.

Ita kuwa allura aikinta daban ne. Tana yi wa fata dubban ƙananan raunuka, jiki ya tashi gyara su, a wajen gyaran ya ƙera sabon kolajin, sinadarin da ke riƙe fata ta cika ta yi ƙarfi. Wannan yana da amfani sosai ga tabon ƙuraje mai rami, da ƙananan tamoji. A 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ba na'urar SkinPen izini, kuma izinin na gyaran tabon ƙurajen fuska ne ga masu shekara 22 zuwa sama. Tabo aka ce, ba a ce cushewar ƙofar gashi ba. Allura ba ta narkar da abin da ya toshe, ba ta kuma hana fata ta sake toshewa. Kamar kwata ce ta cushe, mutum ya bar cushewar ya koma yana huda ƙasar gefenta. Wasu suna ganin ƙofofin fatarsu sun ɗan tsuke bayan zama da yawa, domin fatar da ke kewaye da su ta ƙara ƙarfi, kuma wannan gaskiya ne gwargwado. Amma ƙofa mai kama da ta tsuke daban, ƙofa wadda aka share daban.

Abin da ya fi dacewa da matsalar yana cikin kwalba da bututu, kuma ya fi araha nesa ba kusa ba.

Na farko salisilik asid, wanda a jikin kwalabe ake yawan rubuta masa BHA. Fifikonsa shi ne yana narkewa cikin maiƙo, don haka yana iya shiga cikin ƙofar ya sassauta cushewar. Ana sayar da shi da ƙarfin kashi 0.5 zuwa 2 cikin ɗari. Wanda ake shafawa a bari ya fi wanda ke cikin sabulun wanke fuska tasiri, tunda na sabulu ba ya daɗewa ake ɗauraye shi, sai dai mai fata mai saurin bushewa zai fi jin daɗin na sabulun. Ga mai ɗigo kaɗan a hanci da haɓa, sau da yawa wannan kaɗai ya isa.

Na biyu, wanda ni na fi ba wa nauyi, shi ne dangin retinoyid: adafalin da tiretinoyin. Waɗannan suna gyara yadda fata ke zubar da matattun ƙwayoyinta ne, su fitar da tsohuwar cushewa, su kuma hana sabuwa tun kafin ido ya gan ta. Adafalin mai kashi 0.1, wanda aka fi sani da sunan Differin, tun 2016 ake sayar da shi a Amurka ba tare da takardar likita ba. A wasu ƙasashen har yanzu sai da ita. Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka, a ƙa'idojinta na 2024 kan maganin ƙuraje, ta sa wannan dangin cikin magungunan da ta fi ƙarfafa a yi amfani da su. Matsalarsa haƙuri yake so. Makonnin farko fata kan bushe, ta yi saɓa, wani lokaci ma a ga kamar abin ƙaruwa yake yi. Sai an kai mako 8 zuwa 12 ake yanke masa hukunci, kuma a nan ne mutane da yawa ke karaya su ajiye shi a mako na uku su tafi neman na'ura. A fara da ɗan kaɗan, kamar ƙwayar wake ɗaya ga dukkan fuska, da dare, sau biyu ko uku a mako, a bi shi da man sanyaya fata marar nauyi, da safe kuma a shafa man kariya daga rana. Mai juna biyu ko mai neman haihuwa ta nisanci wannan dangin gaba ɗaya. Ta tuntuɓi likita kan azelayik asid, wanda yake da sauƙi ga masu ciki kuma yana taimakawa wajen dusar da baƙin tabo.

Benzoyil feroksayid magani ne mai kyau, amma ƙarfinsa ya fi a kan jajayen ƙuraje masu ruwa, kuma yana kore launin tawul da rigar filo.

Sai masu cire ɗigo nan take. Filastar hanci tana zare saman cushewar ne kawai, fuska ta yi fes na 'yan kwanaki. Ba laifi a yi jefi-jefi, amma ba magani ba ce. Na'urar zuƙo da ake sayarwa don amfanin gida ba na ba kowa shawarar ta, saboda tana tara jini a ƙarƙashin fata, a mai duhun fata kuma wurin yakan rikiɗe ya zama baƙin tabon da zai ɗauki watanni. Cirewa a hannun ƙwararre da ɗan ƙarfen da aka tsabtace tana da ma'ana ga manyan ɗigogi da suka daɗe suka taurare, musamman bayan an yi 'yan makonni ana shafa retinoyid ya sassauta su. Haka ma saɓe fata da salisilik mai ƙarfi, kashi 20 zuwa 30, wanda a asibitin fata kaɗai ya kamata a yi shi. Duk waɗannan suna share abin da ke akwai ne, maganin shafawa shi ke tsare gaba.

Kafin sayen komai ma, a duba abin da ake ɗorawa a fuska kullum. Man gashi mai kauri da ke gangarowa goshi, hoda mai maiƙo da ake kwana da ita, da mayukan da ke ɗauke da sitiroyid, duk suna haifar da cushewa ko ƙuraje a fatar babba. Wani lokaci daina abu ɗaya ya fi sayen abu uku.

To yaushe allura ke da gurbi? Idan ƙuraje sun lafa, ƙofofi sun sharu, amma an bar mutum da ramuka a kumatu da gefen goshi. A nan kam ta cancanci kuɗinta, kuma ga masu duhun fata tana da wani fifiko, domin haɗarin canza launin fata da ita bai kai na leza ba, wato na'urar haske mai ƙona saman fata. Sai dai ba zama ɗaya ba ne. Yawanci zama uku zuwa shida ake yi, da tazarar mako huɗu zuwa shida, don haka a tambayi kuɗin aikin gaba ɗaya, kada a tsaya a kuɗin zama guda.

Tsakanin rolar gida da na'urar asibiti akwai rata babba. Ta gida allurarta gajera ce, kusan milimita 0.2 zuwa 0.3, ba ta isa zurfin da ake ƙera kolajin ba. Ta asibiti tana kamawa daga 0.5 har 2.5, ana daidaita ta gwargwadon kaurin fatar wurin. Ke nan rolar gida ta yi gajarta ga tabo, ga shi kuma tana buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya. Alluranta suna dakushewa su lanƙwashe, suna shiga a karkace su yagi fata, tsabtace ta yadda ya kamata a gida kuma ba abu ne mai sauƙi ba. Sayen doguwar allura ta intanet a yi wa kai aikin asibiti shi ne mafi munin zaɓi a duk cikin wannan jerin. Akwai kuma ɗabi'ar shafa kowane irin ruwan gyaran fuska a kan fatar da aka huda, alhali ba a ƙera shi don shiga cikin jiki ba. Likitoci sun ga waɗanda hakan ya jawo musu kumburi da ƙulle-ƙulle masu wuyar warkewa.

Wasu ma bai kamata su kusanci allura ba sam sai da izinin likita: mai jajayen ƙuraje a lokacin, domin za a yaɗa ƙwayoyin cuta ko'ina a fuska, mai jikin da rauni ke zama tabo mai tudu, abin da ya fi yawa a baƙar fata, mai ƙurajen zazzaɓi da ke fitowa a leɓe, mai ƙyasbi ko borin fata a wurin, mai shan maganin tsinka jini ko ƙwayar maganin ƙuraje mai suna aisotiretinoyin, da mai raunin garkuwar jiki ko ciwon sukari da bai daidaita ba.

Batun tsabta kuwa ba na wasa ba ne, tunda aikin yana fitar da jini. A 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta fitar da rahoto kan wasu mata da ake kyautata zaton sun kamu da cutar HIV a wani gidan gyaran jiki marar lasisi a jihar Niyu Meziko, inda aka yi musu maikironidilin tare da shafa musu ruwan jinin da aka tace a fuska. Saboda haka duk wanda ya yanke shawarar yi, ya tambayi wane ne zai riƙe na'urar da irin horon da ya samu, ya nemi a buɗe sabon kan allura daga cikin ledarsa a gabansa, ya kuma ji zurfin da za a yi amfani da shi da dalilinsa. Ƙwararren da ya san aikinsa zai duba fuskar tukuna, kuma idan ya ga cushewa da ƙuraje masu rai zai ce a fara da magani a dawo daga baya. Bayan an yi, fuska kan yi ja da zafi-zafi na kwana ɗaya zuwa uku. A ajiye retinoyid da asid na 'yan kwanaki har fatar ta rufe, a guji zafin rana, a kuma koma wa likita nan take idan aka ga ruwa ko kumburin da ke ƙaruwa.