Sharhi kan wani dillalin tsoffin kuɗaɗen Finikiya

Masu tara tsoffin kuɗi a Zariya yawanci kan tsaya ne ga anini da sisi da sulai na zamanin Turawa, saboda haka duk wanda hankalinsa ya kai ga kuɗaɗen biranen Finikiya, wato Sur da Saida da Jubail na ƙasar Labanon da tsibirin Arwad na Siriya, dole ne ya nemi dillalan ƙetare ta intanet. Wanda na yi ciniki da shi yana Turai, kuma shekel ɗin azurfa na birnin Sur na saya a hannunsa.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne takardar da ta biyo kuɗin. Ta bayyana cewa kan da ke fuska ɗaya na Melƙart ne, gunkin birnin, sannan ta nuna haruffan Girkanci da ke gefen mikiya a ɗaya fuskar, kusa da hoton kulki, waɗanda ke nufin shekara ta 30. Mutanen Sur sun fara wannan ƙidaya daga 126 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), lokacin da suka fita daga hannun sarakunan Girkawa na Siriya, ke nan an buga nawa wajen shekarar 97 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Na kai shi wurin wani maƙerin zinariya a Sabon Gari, ya ɗora a ma'auni, ya sami giram 14 da 'yan kai, daidai da abin da aka rubuta. A harkar da jabu ya yi yawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne, balle kuma takardar ta ambaci hannuwan da kuɗin ya bi kafin ya iso ga dillalin.

Inda dillalin ya gaza shi ne bayanin kuɗaɗen farko na ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, zamanin da biranen ke ƙarƙashin Farisa. Na Saida masu jirgin yaƙi da keken doki, da na Sur masu mujiya riƙe da sandar mulki irin ta Fir'aunan Masar, sun cancanci cikakken bayani, amma layi ɗaya kawai ya ba kowanne, alhali su ne ke nuna yadda fatauci ya haɗa waɗannan birane da maƙwabtansu.

Farashin da Yuro ne, kuma da an juya shi zuwa Naira yana da nauyi ƙwarai. Saƙon ma ya daɗe a hanya. Ga mai farawa, ƙananan kuɗaɗen tagulla na Arwad da yake sayarwa sun fi sauƙin kuɗi, kuma da su nake ba da shawarar a soma.